Shunin Rawanina a Kan Saƙin Rakiya

Da sunan Allah mai rahama nake fara wannan rubutu, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Tun da na dawo daga Togo, ba ranar da zan zauna a majalisarmu ta bayan la'asar ba a ce in sake ba da labari ba. Wanda ya ji farko bai ji ƙarshe ba, wanda ya ji ƙarshe yana neman farko, har muryata ta fara dushewa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajami yadda na saba, wani ɗan'uwa ya juya shi zuwa boko, kowa ya karanta lokacin da ya ga dama.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zanen riga. Ni nake zana aska biyu ko aska takwas a jikin babbar riga kafin masu ɗinki su bi da zare. A Jega nake zaune, amma a zangon Sokode aka haife ni. Can ƙanena Alhaji Sani yake har yau yana sayar da hatsi, kuma rabona da garin tun rasuwar mahaifiyarmu.

'Yarsa Rakiya ce dalilin tafiyar. Ta fara karatun jami'a a Kara, sai aka aike ta Dapaong jinyar gwaggonta. Wata rana ta kai zaninta da ya yage wurin wata tela, ta zauna jiran gyara, ta ga yadda ake aikin surfani, daga nan ba ta koma makaranta ba. Uban bai taɓa yafe wa wannan zanin ba. A can, mai koyon sana'a ba ya buɗe shago sai manyan masu sana'ar sun duba aikinsa, an yi masa bikin 'yantawa, wanda suke kira liberasiyo. Bana ne nata ya zo. Alhaji Sani ya faɗa mata ƙarara cewa in ba ta haye ba, ba zai ƙara mata ko wata ɗaya ba, gida za ta dawo ta riƙe masa mudu a rumfa. Ita kuwa ta roƙa a kira ni, domin ni ne babba a gidan, kuma tana son in koya mata aska biyu ta ɗora a kan rigar da za ta nuna.

Da damina muka tashi. Ta Segbana muka shiga Benin, muka bi Kandi, muka kwana a Faraku a zauren wani mai masauki da ke karɓar fatake. Tabarmarsa sabuwa ce, amma saurayen sun fi ni daɗewa a ɗakin, kuma sun nuna mini haka. Da safe matarsa ta aiko da koko da ƙosai, muka kama hanyar Jugu da Basila.

A iyakar Togo wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya ga alƙaluman kara da kwalbar tawada. Ya sunsuna kwalbar, ya yi tambaya da Faransanci. Wata mai sayar da goro da muke mota ɗaya ta ce mini yana so ya san ko magani ne. Na ce a gaya masa na zane ne. Bai gamsu ba, sai ya yage murfin kwalin sukari ya miƙo mini. Na tsuguna a nan na zana masa tambari, wannan da'irar da ake yi a bayan riga. Ya daɗe yana kallo, ya kira abokin aikinsa, daga ƙarshe ya manna kwalin a bango ya ce mu wuce. Mai goron ta ce da ta sani, ita ma da ta koyi zane, domin nata kwandon sai da aka zazzage shi.

Muka ratsa Camba, inda na ji yara suna karatu da irin muryar da muka yi namu, muka wuce gonakin doya na wajen Kparatao, sai ga Sokode. Ban gane tashar ba. Wani ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya, ya ɗauke ni, ina nuna masa hanya da bishiyoyin da aka sare tuntuni, har ya gaji ya ce in faɗi sunan mai gidan kawai.

Alhaji Sani ya yi furfura fiye da ni, abin da na gaya masa tun kafin in zauna. Matarsa Hajiya Ladi ta daka sakwara, da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani mai jan baya. Loma ta farko ta mayar da ni tsakar gidanmu na da, ga mahaifiyarmu tana juya sakwara a turmi tana yi mana faɗa. Na sunkuya na ci gaba da ci.

Washegari Juma'a ce. Na duba agogona, na ga lokaci ya ƙure, na yi sauri na tafi masallaci, na tarar da mai shara shi kaɗai. Ashe agogon Togo yana bayan namu da awa guda, ni kuwa na manta. Tun da na sami sarari, sai na taka zuwa gidan Malam Idi, wanda ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa.

Ni ma ba da niyya na shiga zanen riga ba. Karatu nake yi. Da na yi sauka, na yi wa allona zayyana da hannuna, Malam Idi ya zo walima ya gani, ya ce a aiko masa da ni. Ranar farko bai koya mini komai ba. Ya shimfiɗa rigar wani mutum, ya ajiye tsohuwa a gefenta, ya miƙo mini alƙalami, ya tafi kasuwa. Na zauna na zana. Da ya dawo ya duba, ya ce a wanke, in sake. Haka na yi ta zanawa ana wankewa, har ranar da ya duba bai ce a wanke ba, ya miƙa wa mai ɗinki.

Zauren yana nan, amma yanzu wani matashi ne a ciki da kwamfuta, yana tsara katin biki da allunan shaguna. Da na gaya masa abin da ake yi a ɗakin a da, ya ba ni kujerarsa, ya nuna mini yadda yake jan layi ya goge ba tare da ruwa ba. Na tambaye shi makarantar da ya yi. Ya ce ya yi ta lissafi, wannan kuwa a gefen wani ya zauna yana kallo, sai ranar da mai aikin bai zo ba ga masu biki suna jira, ya zauna ya yi da kansa. Na duba kusurwar da Malam Idi yake jingina, na yi masa addu'a, na fita.

Saƙin da Rakiya za ta yi rigar da shi a Sokode aka saƙa, a wurin Isifu, abokina na ƙuruciya, mutumin Kotokoli. Su gaisuwarsu a durƙushe ake yi, kowa yana amsa wa ɗan'uwansa da ƙaramin sauti, ba mai gaggawar tashi. Muka durƙusa mu biyu, muka gama gaisuwa, sai tashi ya gagara. Ya ce, "Ɗan Jega, fara miƙewa ka ja ni, kai ne baƙo." Na ce ai shi ne mai gida. Sai da matarsa ta kawo mana taɓarya muka dafa.

Ya ɗauko saƙin, fari tas, audugar hannu, ya ce ya daɗe yana yinsa kuma babu irin zaren nan a ƙasa sai an sake kaɗi. Ni zan kai mata, domin Alhaji Sani sai jajibirin biki zai biyo baya. Don kada ƙura ko man mota ya taɓa shi, na naɗe shi a cikin abin da na fi ji da shi, rawanina ɗan Kura, baƙi mai ƙyallin shuni, wanda na tanada domin ranar bikin. Na san shuni sarai. Amma na ce jakar a kan cinyata za ta zauna, ruwa ba zai gan ta ba.

A kan cinyata ta zauna har muka haura duwatsun Alejo, inda direba ya kashe waƙa kowa ya kama salati. A Kara muka tsaya, na sauka na yi salla, na sayi koliko, soyayyar doya da yaji. Da na dawo na tarar an shigo da wata mata da kwandon zabi, an mayar da jakata saman mota. Direba ya rantse cewa tampol ɗinsa sabo ne. Kafin mu kai Sansanin Mango hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai da muka hango Dapaong, garin da tsofaffinmu suke ce wa Dapango.

A gidan wani dillalin shanu ɗan Nijar aka sauke ni. Rakiya ta zo da gudu ta durƙusa ta gaishe ni, ta girma har na ga fuskar kakarta a tata. Muka buɗe jakar tare. Shunin ya sauka a kan saƙin, ya bi ninki ya shiga ciki. Wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi ruwa-ruwa, wani ya tsaga kamar saiwa. Kuma a tsakiya yake, daidai inda gaban riga zai faɗo.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba Malam, sannu da hanya," ta ninke saƙin a hankali. Na fi son a ce ta yi kukan.

Da safe muka tafi wurin uwar ɗakinta, telar da ta koya mata aiki, Madam Yendube, 'yar ƙabilar Moba, doguwar mace mai tabarau a kan hanci. Kirista ce. Ta san ba na shan burkutun da ake tarar baƙo da shi a wajensu, sai ta sa aka dama mini ruwan gero da tsamiya. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba abin da take so ta faɗa da ya gagare ta. Na ba ta haƙuri, na ce ko a nemi wani farin yadi a kanti. Ta ce ta riga ta shaida wa masu dubawa cewa saƙin hannu ne, ba a canzawa. Na ce a gwada wankewa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ni da na zo da shunin na fi ta sanin amsar.

Sai ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da ɓarna: wuyan da aka yanka ba daidai ba, hannun da dutsen guga ya ƙona, zanin da man keke ya ɗiga a kai. Ta ce a shagonta duk mai koyo da wannan kwandon yake farawa, ba ya taɓa sabon yadi sai ya fitar da abin da wani zai so ya saka daga cikin ɓarnar. Ta ce Rakiya ta fi kowa daɗewa a kan kwandon, ba don ta kasa ba, don ta ƙi barinsa. Ta shimfiɗa saƙin a tebur ta tafi kasuwa ta bar mu. Na bi ta da kallo, na tuna Malam Idi.

Ni dai a raina aska biyu ta mutu, domin ba a ɗora ta a kan dabbare-dabbare. A wurinmu zane yana da suna, yana da wurin zamansa, an gaje shi. Rakiya kuwa ta daɗe a tsaye tana juya saƙin, ta duba ta nan, ta koma ta can. Can ta sa yatsa ta bi bakin shunin, ta ce in ta yanka wuya a nan, duhun zai zauna a ƙirji, tsage-tsagen su gangara ƙasa. Ta ɗauki farin zare ta fara bin gefen tabon, inda ya yi kauri ta cike, inda ya yi siriri ta bar shi. Ina zaune ina ja da carbi, ina kallon abin da ban san sunansa ba yana fitowa.

Kwana ya yi ta tafiya tana aiki, wani wurin da keke, wani da allura. Sau da yawa ta warware ta sake. Wata rana da hantsi ta ajiye allura ta ce abin yana watsewa, kamar zai zube daga jikin rigar. Nan ne nawa sanin ya yi amfani. Na ce mata ko aska takwas, da duk girmanta, layin da ya kewaye wuya ya sauko aljihu ne yake riƙe ta. Na kai hannu ga alƙalami, sai na tuna jarrabawar tata ce, na mayar. Da yatsa na nuna mata a iska. Ta zana da kanta, ya karkace, ta goge, ta sake, ya zauna. Shekaruna duka a sana'ar nan, ban taɓa tsayawa na dubi yadi kafin in zana ba, domin abin da zan zana yana kaina tun daga gida.

Alhaji Sani ya iso jajibiri. Da ya ji abin da ya faru, ya ga rigar, ya ce shi ke nan, Allah ya nuna mana, ta fara haɗa kayanta. Ya ce wa zai ba mutum shaidar sana'a a kan tabo. Na ce masa ni na kawo tabon, kuma tun da ni ne babba, ya bari sai masu abin sun yi magana. Ya kau da kai, irin halinsa na ƙuruciya, wanda ba yarda ba ce.

A wata rumfa aka yi dubawar. Manyan teloli suka zauna a jere, masu koyo suna kawo aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Babbansu wani tsoho ne ɗan Moba, mai cin goro. Da aka miƙa masa rigar Rakiya bai dubi gabanta ba, sai ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da farce, ya ja nan ya ja can, ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan Bahaushe ne ɗan Nijar, mai aikin surfani, kuma tambayar da ya yi ita ce da ni ne a kujerar zan yi. Ya tambaye ta sunan zanen. Ta ce ba shi da suna. Ya tambayi wanda ya koya mata, ta faɗi gaskiyar ruwan sama da rawani. Aka yi dariya, ban da ni da ubanta.

Mutumin ya ce rigar ta yi kyau, amma wannan sa'a ce, ba sana'a ba. Ya ce sana'a ita ce abin da za ka iya maimaitawa. "In mai saye ya zo gobe ya ce irin wannan yake so fa, 'yata? Za ki jira hadari?"

Rakiya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Irinta ba zan iya ba, Baba. Amma a ba ni wani ƙyallen da ya ɓaci, ko wane iri ne, a ba ni wuri in zauna."

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da hankicinsa, wanda jan goro ya ɓata gefe guda, ya jefa mata. Ta zauna a ƙasa a gefen rumfa da allura da ragowar zare, su kuwa suka ci gaba da duba sauran. Alhaji Sani ya tashi ya fita, ya dawo, ya sake fita. Ni ban iya kallonta ba, na kama kallon wata akuya da ke cin ɓawon ayaba.

Da aka gama da na ƙarshe, ta kawo hankicin da hannu biyu. Tsohon ya duba gaba, ya duba baya, ya ninke ya mayar aljihu. Ɗan Nijar ya ce a ba shi ya gani. Tsohon ya ce nasa ne, in yana so ya kawo nasa hankicin. Sai da aka yi ta roƙo ya fito da shi. Na leƙa ta kafaɗar wani: ta kewaye jan goron da zare, ta fitar masa da reshe, ta ja layi siriri ta riƙe shi ta gefe. Ɗan Nijar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce layin ya ɗan karkace a ƙasa, amma hannun nata ne, ba na ruwan sama ba. Ya ce a wuce da ita.

Bikin 'yantawar ban taɓa ganin irinsa a gida ba. Mu a wurinmu, in ka iya, wata rana sai maigidanka ya daina duba aikinka, shi ke nan. Su kuwa fararen kaya masu koyon suka saka, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Kowace ta durƙusa gaban uwar ɗakinta ta miƙa tafin hannu, a buge shi da wani faffaɗan katako, wai dukan ƙarshe ke nan, daga yau ba mai sake dukanta a kan aiki. Madam ta ɗaga katakon sama kamar da gaske, ta sauke shi a hankali, hawaye yana bin ƙarƙashin tabaranta. Ta ba Rakiya almakashi da tef ɗin awo, sannan ta kama hannunta ta nemi uban. Ta ce ga 'yarsa nan ta dawo masa da ita, ina zai kai ta. Alhaji Sani ya karɓi hannun, ya buɗe baki zai amsa. Aka buga ganga, maganar ta bi iska.

Ranar da zan taso, na fito da asuba ta wuce ina neman ruwan alwala na walaha, sai na tarar da Alhaji Sani a tsakar gidan mai masaukinmu, tsaye, hannuwa a buɗe kamar mai shanya. Rakiya tana bayansa da tef, tana auna kafaɗa. Da ya gan ni ya ɓata fuska, ya ce wai akwai wani shago da babu kowa kusa da kasuwar shanu, dillali ya yi masa maganarsa, kuma ba a buɗe shago ba aiki a hannu.

Rakiya ta ce, "Baba, ka daina motsi."

Ya ce, "Na daina. Amma tawa fara nake so. Kada ki zuba mata komai, kuma kada ki ba Baba Malam ya riƙe."

Ya tsaya cak har ta gama awon.